Zabuwa a Birnin Shuni

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, ta iske mu a zaune."

To, ku matso. Mati, janye ƙafarka daga tabarmata, ba ubanka ya saya min ba. Ke kuma Lantana, in kin san gyangyaɗi za ki yi, tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita tatsuniya.

Labarin Zabuwa ne. A can da, Zabuwa fara ce fat kamar auduga, ba ɗigo ko ɗaya a jikinta. Kanta kuwa cike yake da gashi, har da tukku mai kyau, ba wannan sanƙon da kuke yi wa dariya ba.

Ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu a gindin wata sabara. Sai aka yi fari. Sama ta ƙi zubo da ko yayyafi. Ciyawa ta bushe, fara ta yi ƙaura, gara ta nutse can ƙarƙashin ƙasa inda ƙafa ba ta tonowa. Yunwa ta ɗauki wasu 'ya'yan. Shirwa ta ɗauki wasu. Tunku ya ɗauki wasu. Aka bar ta da ɗaya tal, 'yar ƙaramarsu, Auta.

Kullum Auta sai ta ce, "Inna, yau za mu ci?"

Zabuwa ta ce, "Gobe."

Gari ya waye, ta ce, "Inna, yau ce goben?"

Ta ce, "Gobe dai."

Da aka kwana biyu Auta ta daina tambaya. Wannan shirun shi ya fi tsorata uwar. Ta ce, "Tashi mu tafi. Zama bai gan mu ba."

Suna tafiya, suna tafiya, suna tafiya. Rana ta take tsaka, ƙasa tana rawa don zafi. Can sai suka hango wani abu shuɗi yana lilo a gabansu. Zabuwa ta ɗauka kawalwalniya ce, irin wadda ke yaudarar mai ƙishirwa. Amma suna matsawa, abin bai gudu ba. Ashe birni ne. Ganuwarsa shuɗiya, ƙofarsa shuɗiya, hayaƙin da ke tashi daga murhunan garin ma shuɗi. Iskar da ke fitowa ta ƙofar tana da sanyi kamar ta bakin randa, tana ƙamshin sabon gero.

A bakin ƙofa ga Hawainiya zaune. Ita ce uwar marinar garin, ita ke haɗa babar da ake rini da ita. Kun san Hawainiya ba ta gaggawa, ko a tafiya ko a magana. Ta juya ido ɗaya ta dubi uwa, ta juya ɗayan ta dubi 'ya.

Ta ce, "Sannunku da hanya, bayin Allah. Nan Birnin Shuni ne. Nan ba yunwa, ba shirwa, ba faɗa, ba kuka. Ku shigo."

Zabuwa ta ce, "Me ake bayarwa kafin a shiga?"

"Ba komai. Baƙo yana da kwana uku, ya ci ya sha. In yana son zama, sai ya shiga ramin baba a rina shi kamar kowa. In ba ya so, ga ƙofa nan, ba a taɓa rufe ta ba."

"Rini kawai?"

"Rini kawai. Wanka ne mai sanyi."

Suka shiga. Aka kawo musu gero a kasko, da ruwa a sabuwar ƙwarya. Auta ta ci, ta ci, ta ci, har barci ya sace ta da ƙwayar gero a baki. Zabuwa ta zauna tana kallon cikin 'yarta yana hawa yana sauka. Wallahi ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Ranar farko ta fita ganin gari. Kowa shuɗi ne, kowa yana tafiya a hankali kamar mai yawo cikin mafarki. A ƙarƙashin wata tsamiya ta iske Kura kwance, 'yan awaki suna hawa bayanta suna dirowa.

Ta ce, "Kura, ke ce?"

Kura ta ce, "An ce haka ake ce da ni."

"Ɗan akuya yana taka miki wuya fa."

"Ba komai."

"Miyanki bai tsinke ba?"

"A kan me? An ba ni dambu na ƙoshi."

"To ina dariyar nan taki da ke hana daji barci?"

Kura ta yi hamma ta ce, "Wace dariya?"

Zabuwa ta wuce tana girgiza tukku. Ta ce a ranta, garin da Kura ke renon awaki, ai samun irinsa sai an tona.

Rana ta biyu ta iske Kaza a wani fili, 'yan tsaki sun kewaye ta. Akwai na kaza, akwai na agwagwa, akwai na tantabara, duk shuɗaye, duk ɓul-ɓul. Ko ɗaya ba ya tsiyau-tsiyau ɗin neman uwa.

Ta ce, "Sannu da reno, Kaza. Wanne ne naki?"

Kaza ta ce, "Duk namu ne."

"Na ji. Amma wanda kika kwanta wa har gashin ƙirjinki ya zube, wanne ne?"

"Na kwanta wa wani ne? To, ba komai. Nan ba mu da maraya, baiwar Allah, don ba mai uwa."

Zabuwa ta waiga ta nemi Auta. Ta hango ta cikin 'yan tsaki tana tsalle, ita kaɗai fara. 

Rana ta uku, a bakin rijiya, sai ga Fakara. Fakara kuwa maƙwabciyarta ce a daji, aminiyarta ta ƙut da ƙut. Bara waccan tarko ya kama mijinta, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta rame ta zama ƙashi, daga nan aka neme ta aka rasa. Yanzu ga ta shuɗiya, ta yi ƙiba, fuskarta sumul.

Zabuwa ta ce, "Fakara, ƙawata, ashe nan kika yo?"

Fakara ta ce, "Sannu, baƙuwa."

"Ni ce fa, Zabuwa ta gindin sabara. Ni na zauna miki zaman makoki."

"Makokin wa?"

"Na mijinki."

"Na yi miji? Allah sarki. Ba komai." Ta sha ruwanta ta wuce tana 'yar waƙa.

Nan fa Zabuwa ta bar bakin rijiya. Ta nufi marina kai tsaye, ta iske Hawainiya tana juya baba da muciya.

Ta ce, "Uwar marina, gaya min gaskiya. Me rinin nan yake wankewa?"

Hawainiya ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Tsomi uku ne. Na farko yana wanke tsoro. Na biyu yana wanke fushi da kwaɗayi. Na uku yana wanke jiya."

"Jiya duka?"

"Duka. Baba ba ta zaɓe. Daga jiya ake samun nawa da naka, daga nawa da naka ake samun faɗa. Kin ga faɗa a garin nan?"

"Ban gani ba."

"Kin ga mai yunwa?"

"Ban gani ba. To ke fa, an rina ki?"

Hawainiya ta ajiye muciya. Ta ce, "Ni rini ba ya zama a jikina. Kuma dole a sami mai tuna yadda ake haɗa baba. Kada ki yi sha'awar rabona, baiwar Allah. Duk wanda ya shiga ramin nan na san abin da ya sauke, ni kaɗai."

Barira, rufe bakinki, ƙuda zai shiga. Yanzu ma aka fara.

Da rana ta yi zafi, gari ya kwanta ƙailula, Zabuwa ta zagaya bayan rumbu ta zauna. In ta fita da Auta, yunwa na jiransu a bakin ƙofa, kuma ta san yarinyar ba za ta kai damina ba. In sun zauna, Auta za ta rayu, amma gobe war haka za su wuce juna a hanya suna sannu baƙuwa. Ta juya nan, ta juya can. Gaba kura, baya sayaki. Sai hawaye.

Sai ta ji wata 'yar murya daga ƙasa. "Ke farar nan, matsa can. Kina jiƙa min ƙofar ɗaki."

Ta duba. Ɓera ne, da launinsa na toka, ko ɗigon shuni babu.

Ta ce, "Kai ba a rina ka ba?"

Ya ce, "Ni? A birni nake ci, a ƙarƙashinsa nake kwana. Wanda ba a gani ba, ba a tsoma shi."

"Raminka zai ɗauke ni da 'yata?"

"Da wannan ƙugun naki? Ko kanki ba zai shiga ba."

"To tafi ka ba ni wuri in yi kukana."

"Kukan kyauta ne, yi abinki. Dabara ce dai ba kyauta ba."

Zabuwa ta share ido. "Wace dabara?"

Ɓera ya gyara gashin baki ya ce, "Na daɗe ina leƙen marinar nan. Wata rana wani tsumma ya faɗa rami da ƙulli a jikinsa. Da aka tsamo shi aka kwance, wurin ƙullin yana nan fari fat. Inda aka ɗaure tamau, baba ba ta shiga. Ki ƙulle abin da kike so a ƙarƙashin gashinki, ki shiga a rina ki. Waje shuɗi, ciki naki. Ki ci geronsu, ki riƙe jiyanki. Zare kuwa ina da shi, na tsinta."

"Ka tsinta ko ka sata?"

"Na tsinta tun kafin ya ɓace."

"Me kake so?"

"Tukkun nan. Uwargidana ta kusa haihuwa, tana son shimfiɗa mai laushi."

"Rabi."

"Duka."

"Bar min na gaba in rufe goshi."

"Duka, ko kuwa gobe ki tashi kina ba komai."

Zabuwa ta sunkuyar da kai. Ɓera ya hau ya tsige, ya tsige, ya tsige, har kai ya zama tal kamar bayan ludayi. Ya jawo mata zare ya shige raminsa.

Ta fara ƙulli. Da farko ta ce abubuwa masu daɗi kaɗai za ta ɗaure, ta bar wa baba masu ɗaci. Ta kama gashin da ke riƙe da fuskar babban ɗanta. Sai ta iske ranar da shirwa ta sure shi tana jikin gashin nan. Ta kama wanda ke riƙe da ƙamshin ruwan farko a gindin sabara. Sai ta iske shekarar fari a maƙale da shi. Ta kama na uku, haka. Ashe daɗi da ɗaci a gashi ɗaya suke tsirowa, ba a raba su. Ta ce, to, ku zo duka. Ta ƙulle 'ya'yanta goma sha ɗaya da suka tafi, kowa da sunansa. Ta ƙulle sabara, ta ƙulle hanya, ta ƙulle Fakara da kukanta. Ƙullin Auta kuwa a daidai ƙirjinta ta yi shi, ta ja shi da ƙarfi.

Sannan ta kira Auta ta zaunar da ita, ta shiga ɗaure mata nata.

Auta ta ce, "Inna, yana matse ni."

"Yi haƙuri. Wannan gidanmu ne. Waɗannan 'yan'uwanki ne. Wannan kuma ni ce."

"Inna, in na tuna su, zan tuna ƙarar fiffiken shirwa?"

"Za ki tuna."

"Zan tuna yadda cikina yake murɗawa?"

"Za ki tuna."

"Inna, jiya da shekaranjiya na yi barci ban firgita ba."

Zabuwa ta ce, "Yi shiru. Ni na haife ki, ni na san abin da ya fi miki." Ta ja zaren ta ƙulle. Kun ji maganar iyaye. Ni ma na faɗe ta ga uwayenku, ba sau ɗaya ba.

Gari ya waye. Hazo shuɗi ya kwanta a kan marina, kwaɗi suka jeru a bakin rami, don su ne mawaƙan rini. Mutanen gari suka taru suna murmushi. In na ba da waƙa, ku amsa da shuɗi, shuɗi. Mati, ban da ihu.

Tsoma ni, tsoma ni, uwar marina.

"Shuɗi, shuɗi."

Kayan da na ɗauko sun yi min nauyi.

"Shuɗi, shuɗi."

Sauke min jiya, ki bar min yau.

"Shuɗi, shuɗi."

Aka ce uwa ta fara shiga. Kafin ta taka, Auta ta zo ta cusa kai a ƙarƙashin fiffikenta, kamar yadda take yi tun tana 'yar mitsitsiya. Ta daɗe a nan. Zabuwa ta ce, "Ya isa, ana kallonmu." Ta ture ta a hankali ta sauka.

Tsomin farko, ta ji kamar ta faɗa cikin sama. Ba ƙasa, ba nauyi, sai sanyi. Tsoro ya narke ya bi ruwa, sai ɗan wanda ya maƙale a cikin ƙulli.

Tsomi na biyu, ta ji kamar ana yi mata tausa. Haushin shirwa da na tunku da na sama da ta hana ruwa duk suka saki. Ta ce a ranta, ashe haka Kura take ji.

Tsomi na uku, ta ga jiya tana tashi daga jikinta kamar hayaƙi. Ramukan da ta tona, itatuwan da ta kwana a kai, fuskokin da ta gaisa da su a hanya, duk suna wucewa suna ɓacewa. Ruwan ya zo kan ƙulle-ƙullen, ya lallaɓa, ya zagaya, ya rasa ƙofa. Suka yi mata zafi kamar garwashi, amma ko ɗaya bai saki ba.

Aka tsamo ta koriya shar. Iska ta buge ta, ta rikiɗe ta zama shuɗiya a kan idon kowa, don haka baba take yi. Hawainiya ta ce, "Yaya kika ji?"

Zabuwa ta lumshe ido ta ce, "Ba komai."

Aka kai ta wurin shanya ta zauna a rana. Tana jin kwaɗi sun sake ɗaukar waƙa, ta san Auta ce ta shiga. Tana murna a ranta, tana cewa mun ci gari, mun ci gero, mun tsira da kanmu.

Can sai ga Auta an kawo ta, shuɗiya, tana sheƙi. Zabuwa ta bari idon jama'a ya ɗauke, ta matsa ta raɗa mata, "Auta."

Yarinya ta ce, "Sannu, baiwar Allah."

Zabuwa ta yi dariya a ciki, ta ce kai, yarinyar nan akwai wayo. Ta ja ta bayan rumbu ta ce, "Ba kowa nan. Ni ce."

"Sannu. Ke ma yau aka rina ki?"

Ta sa baki ta buɗe gashin ƙirjin yarinyar. Ba ƙulli. Ta buɗe na fiffike. Ba ƙulli. Ta buɗe na baya. Shuɗi har fata.

Ɓera ya leƙo daga raminsa. Wannan karon ba ya wasa. Ya ce, "Ina gani ta kwance su, lokacin da kike cikin rami. Da bakinta ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Naki ta bari na ƙarshe. Ta daɗe tana riƙe da shi, har kwaɗi suka kai ƙarshen waƙa suka sake. Ta ce in gaya miki ta so ta bar shi. Amma duk sanda ta taɓa shi, sai ta ji muryarki kina cewa gobe, cikinta ya murɗa."

Zabuwa ba ta yi kuka ba. Jikinta ne ya ɗauki rawa. Ya yi ta rawa, ya yi ta rawa, har zaren ya kasa. Tas, tas, tas, ƙulle-ƙullen suka tsintsinke. Duk inda ƙulli ya tashi, sai ga ɗigo fari. Ɗigo a wuya, ɗigo a baya, ɗigo a fiffike, ba su ƙirguwa.

Mutanen gari suka zagayo suna kallo. Tun da aka rina su ba su taɓa ganin shuɗin da ya bambanta da shuɗi ba. Wani ɗan tsako ya ce, "Mene ne wannan?" Wani ya ce, "Me ya sa ni ba ni da shi?" Fakara ta tsaya ta ƙura wa wani ɗigo ido, goshinta ya fara tattarewa.

Hawainiya ta iso a hankali. Ta ce, "Kin yi mana wayo, baiwar Allah. Ba mu fushi a nan. Amma kin ji an fara tambaya, tambaya kuwa ita ke tono jiya. Ba za ki zauna da zanen nan ba. Ga rami, ki koma ba ƙulli. Za ki zauna kusa da yarinyar nan har tsufanki, kuna ci a kasko ɗaya. Ba za ki san ta ba, ba za ta san ki ba, kuma abin da ke cin ki yanzu zai daina. In ba haka ba, ga ƙofa."

Zabuwa ta ce, "In na fita, zan tafi da ita?"

"Kira ta. In ta bi ki, ba mai tare ku."

Zabuwa ta juya. Auta ta riga ta koma cikin 'yan tsaki, ta hau bayan Kura tana zamiya tana dariya. Uwar ba ta taɓa jin wannan dariyar ba, ko sau ɗaya, tun da ta fasa ƙwai. Ta buɗe baki za ta kira. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Ta rufe. Ta ce, "Na ɗaura mata abin da ba ta roƙa ba sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Ta taka zuwa bakin rami. Ruwan yana kwance lumui, yana kiranta. Ta sa ƙafa ɗaya, sanyin ya hau har gwiwa, kai, daɗi. Ta cire. Ta sa ɗayar. Ta cire. Ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa ruwa, sai ta ga inuwarta a ciki da ɗige-ɗigen nan duka.

Ta ce, "Uwar marina, goma sha ɗaya sun mutu sau ɗaya. In na shiga nan, sun mutu sau biyu, don ba sauran wanda ya san an yi su. Ita ma waccan, in na shiga, ta zama ba 'yar kowa ba. Ita ta sauke nata, ta huta, Allah ya sa ta dace. Ni zan riƙe mana."

Hawainiya ta ce, "Da ciwon?"

"Da ciwon. Nawa ne."

"Akwai yunwa a waje."

"Na san ta, ta san ni."

Ta kama hanyar ƙofa. Al'adar garin ce in baƙo zai tafi a ba shi guzuri, sai Kaza ta ce wa wata 'yar tsako ta kai mata zangarniyar gero. Wadda aka aika kuwa Auta ce. Ta biyo ta da gudu ta ajiye a gabanta.

Ta ce, "Baiwar Allah, ga guzuri. Zanenki yana da kyau. Wa ya yi miki?"

Zabuwa ta ce, "'Ya'yana."

"Kina da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"Allah ya raya miki su."

Zabuwa ta ce, "Amin, 'yan mata. Amin." Ta ɗauki geron ta fita, yarinya ta koma wasanta.

Ba ta yi nisa ba. Akwai wata bishiya a bayan ganuwa, ta hau can ƙoli inda ake hango cikin gari. Da rana ta shiga daji ta yi tono, wata rana ta samu, wata rana ta kwana haka. Da yamma ta dawo ta hau bishiya ta yi ta kiran 'ya'yanta, sha biyun duka, har da wadda ke raye. Ta cikin gari takan ɗaga kai ta saurara, ta ce tsuntsuwar nan akwai surutu, ta ci gaba da cin geronta.

Shi ya sa har yau zabuwa take da sanƙo da zane. Shi ya sa ba ta zama ta gida sosai, ba ta kuma zama ta daji sosai. Ku ba ta hatsi ta ci, amma ku miƙa hannu ku gani, sai ta tashi fir. Ba ta son akurki, sai kan bishiya. Kuma in magariba ta kawo kai, kun ji yadda take cika unguwa da kira.

"Kaka, to wa ya yi daidai, uwar ko 'yar?"

Oho, Lantana, ashe ba ki yi barci ba. Ni dai ban ga laifin mai yunwa da ta zaɓi ƙoshi ba, ban kuma ga laifin uwar da ta zaɓi ciwonta ba. Abin da zan gaya muku biyu ne, ku riƙe. Duk wanda ya ce zai ɗauke muku ciwo gaba ɗaya, ku tambaye shi da me da me zai haɗa ya tafi. Kuma komai son da kake yi wa mutum, ba ka iya ƙulle masa abin da shi bai yarda ya riƙe ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Ku tashi ku ba ni tabarmata, ƙafafuna sun yi tsami.